'Yan sanda za su zo duba kabad ɗin bindigata: dole ne in bar su su shiga?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a wani ƙaramin gari a tsakiyar Ingila. Ina da lasisin bindiga mai baki biyu, wadda nake zuwa filin harbi da ita a ƙarshen mako. Kwanan nan muka tashi zuwa sabon gida. Da na sanar da 'yan sanda, sai suka bugo waya cewa jami'insu zai zo ya ga inda nake ajiye ta. Uwargida ba ta ji daɗi ba, domin kabad ɗin a ɗakin kwananmu yake. Shin dole ne in bar shi ya shiga? Suna iya zuwa ba sanarwa? Me yake dubawa? Sannan duk makullan gidan nan a hannun uwargida suke, ko akwai laifi in ba ta na kabad ɗin ta ajiye mini?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Tambaya huɗu ka yi a dunƙule: ikon shiga, zuwan ba-zata, abin da ake dubawa, da makulli. Ta ƙarshen da ka jefo kamar ƙari, ita ce wadda ta fi sauran iya raba ka da lasisinka, don haka zan daɗe a kanta idan mun iso. Na jima da riƙe lasisi a ƙasar nan, kuma a ƙungiyar harbin da nake ciki sau da yawa ni ake turo wa sababbin shiga in duba shirinsu kafin jami'i ya zo. Daga nan nake maka magana.

Dokar da ke tafiyar da bindigogi a Ingila, Wales da Sikotlan ita ce ta 1968, tare da gyare-gyaren da aka yi ta yi mata. Ireland ta Arewa tana da tata daban, abin da zan faɗa bai shafe ta ba. Lasisi iri biyu ne ga mutum irinka da ni. Akwai na bindigar harbin tsuntsu, irin taka, wadda cikin bakinta sumul yake, tsawon bakin bai gaza inci 24 ba. Akwai kuma na raifil, wanda ya fi tsauri, domin kowace bindiga sai ka kawo dalilin mallakarta, kuma a jikin takardar ake rubuta yawan harsashin da aka yarje maka ka riƙe. Kowanne shekara 5 yake yi kafin a sabunta shi.

Ɗauko lasisinka ka karanta sharuɗɗan da aka buga a jikinsa. Za ka ga ɗaya da ke cewa dole a kowane lokaci bindigar ta kasance a adane ta yadda, gwargwadon iko, wanda ba shi da izini ba zai kai gare ta ba. Ƙa'idojin bindigogi na 1998 ne suka tsara shi haka. Ka lura cewa sharaɗin bai ambaci kabad ba, bai ambaci ƙarfe ko kwaɗo ba. Abin da ya ambata shi ne mutumin da ba shi da izini. Duk ziyarar da za a kawo maka a kan wannan jimla ɗaya ta rataya, kuma saɓa mata laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har wata 6, ko tara, ban da asarar lasisin.

Ba haka kawai aka wayi gari da wannan tsaurin ba. A watan Agustan 1987 wani mai lasisi ya kashe mutum 16 a garin Hungerford, sai dokar 1988 ta hana wasu nau'o'in raifil, ta kuma sa aka fara rubuta kowace bindigar harbin tsuntsu a jikin lasisin mai ita, tare da tilasta adana ta. A watan Maris na 1996 wani mai lasisin ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane, dokokin 1997 suka kawar da kusan duk ƙananan bindigogin hannu daga gidajen mutane. Sai kuma na Plymouth, 12 ga Agustan 2021, inda wani matashi ya kashe mutum 5, har da mahaifiyarsa da yarinya 'yar shekara 3. Abin da ya fi tayar da hankali a nan shi ne 'yan sanda sun taɓa karɓe bindigarsa da lasisinsa saboda ya doki wasu, sannan suka mayar masa 'yan makonni kafin abin ya faru. Tun daga Nuwamban 2021 jagorar da Ma'aikatar Cikin Gida ke bai wa shugabannin 'yan sanda ta zama wadda doka ta ɗora musu la'akari da ita, kuma ba a ba da lasisi sai da bayanin likita. Jami'in da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ya san wannan tarihin sarai, ya kuma san cewa idan ya sa hannu a kan gidan da bai kamata ba, sunansa ne a takarda.

Ikon shiga gida

Amsar a taƙaice: zuwan duba kabad bai ba jami'i ikon kutsawa gidanka ba tare da yardarka ba. Riƙe lasisi bai mayar da gidanka ofishin gwamnati ba. Idan 'yan sanda suna son shiga ko ka ƙi ko ka so, sai sun je gaban majistare sun nuna dalilin zargi, ya ba su takardar izinin bincike a ƙarƙashin sashe na 46 na dokar 1968. In ban da wannan, sai ikon da suke da shi a kan kowane gida, kamar idan rai yana cikin hatsari, wanda bai keɓanta da masu bindiga ba.

To amma kada wannan ya ruɗe ka. Shugaban 'yan sandan yankinka ne ke ba da lasisi, kuma ba zai bar shi a hannunka ba sai ya gamsu cewa riƙonka ba hatsari ba ne ga jama'a. Ka tashi daga gidan da suka gani zuwa wanda ba su taɓa gani ba. Idan ka ce ba za a shiga ba, ba wanda zai ɓalle maka ƙofa, sai dai a rubuta cewa an kasa tabbatar da ajiyarka, daga nan kuma hanyar soke lasisi a buɗe take. Ina jin wasu a filin harbi suna cika baki cewa su ba mai taka musu gida sai da takardar kotu. A fuskar doka ba su yi ƙarya ba. Sai dai ban taɓa ganin wanda wannan taurin kan ya amfana ba, kuma ba na ba kowa shawararsa. Abin da kake da cikakken haƙƙi a kai shi ne lokaci. Kana iya cewa ranar da suka sa ba ta yi maka ba, a sa wata da kake gida.

Zuwa ba sanarwa kuwa yana yiwuwa. A watan Oktoban 2014 aka gyara jagorar aka fayyace cewa 'yan sanda suna iya zuwa gidan mai lasisi ba tare da sun faɗa ba, idan akwai takamaiman bayani ko wata barazana da ta sa suke shakkar tsaron bindigoginsa. Gyaran bai ƙara musu ikon shiga ba, kuma ana sa ran su zo a lokacin da ya dace, su faɗi dalilin zuwansu. A aikace, abin da ke jawo irin wannan zuwan sananne ne: an kira 'yan sanda gidan saboda rigima, an kama maigidan da tuƙi cikin maye, likita ya sanar da wata damuwa, ko ɓarayi sun addabi masu bindiga a unguwar. Wanda bai faɗa cikin ɗayan waɗannan ba, yawanci sai lokacin sabunta lasisi ko sauya gida yake ganinsu. Ko a wajen sabuntawar ma runduna-runduna ce, wata takan zo da kanta, wata takan wadatu da waya idan ba abin da ya sauya.

A Jamus abin ya fi haka. Bayan abin da ya faru a Winnenden a watan Maris na 2009, inda yaro ɗan shekara 17 ya ɗauki fistol ɗin mahaifinsa ya kashe mutum 15, an gyara doka a shekarar aka ba hukuma damar zuwa duba ajiya ko ba a zargin mutum da komai. Uban yana da bindigogi da dama a kulle cikin sef, guda ɗaya ce ya bari a ɗakin kwana. Kotu ta same shi da laifin sakacin da ya jawo kisa, ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka.

Duk wanda ya zo, da sanarwa ko babu, ka nemi katin shaidarsa. Da yawa daga cikin waɗannan jami'an ba sa sanya kayan sarki, ma'aikatan sashen lasisi ne, wasunsu tsofaffin 'yan sanda da suka yi ritaya. In ranka bai kwanta ba, bar shi a waje ka buga 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, ka tabbatar. Ba rashin kunya ba ne, su kansu suna son haka. A 2021 an sace bayanan mutum sama da 100,000 daga wani shafin cinikin bindigogi na intanet, da sunaye da adireshi, saboda haka ɓarawo ya zo da sunan jami'i ba abin mamaki ba ne. Ka kuma gaya wa iyali cewa idan ba ka nan, amsarsu ɗaya ce: maigida ba ya nan, a kira shi.

Abin da yake dubawa

Zai fara da kabad ɗin kansa. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne BS7558 na 1992, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa a shagunan bindiga sun cika shi: ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 2, da makullai masu ƙwari. Ba kasafai matsala ke fitowa daga nan ba. Inda mutane ke faɗuwa shi ne wajen kafawa. Ana son a ɗaure shi da ginin gidan, a bangon bulo ko kankare, da manyan ƙusoshi masu buɗewa a cikin rami. Sababbin gidajen ƙasar nan da yawa da allo marar ƙwari ake raba ɗakunansu, wanda ƙusa ba ta kama shi. Idan irinsa ne naka, nemi bangon da ke da bulo a bayansa, ko a kwantar da kabad ɗin a ɗaure shi da katakan da ke ɗauke da daɓe. Jami'in zai kama shi ya jijjiga, ya ja, kamar mai sayen ragon layya yana latsa gadon baya. In ya motsa, za a ce ka gyara a dawo.

Wani abin da nake yawan gani wajen sababbin shiga shi ne katakon nan da ke bin gindin bango. Mutum ya jingina kabad a kansa, sai a sami rata tsakanin bayan kabad da bango, daidai inda ɓarawo zai zura ƙarfe ya ɓanɓare. Ko dai a yanke katakon, ko a ɗaga kabad ɗin sama da shi a tokare ƙasansa. Kusurwa ta fi tsakiyar bango, musamman idan gefen da ƙofar ke buɗewa yana kusa da ɗayan bangon, don mai ƙarfe ba zai sami wurin lanƙwasawa ba. Ana kuma son ya kasance inda baƙo ko mai gyaran famfo ba zai gan shi ba, shi ya sa cikin kabad ɗin tufafi ya zama wurin da aka fi so. Gareji da rumfar bayan gida ba a son su, sai in ba makawa, da ƙarin tsaro. Saman silin yana ɓoye abu, amma akwai danshi mai sa tsatsa, kuma mutumin da ya dawo a gajiye yakan yi kasalar hawa, ya jingine bindiga a bayan ƙofa ya ce sai da safe. Jami'ai sun san wannan halin, shi ya sa wasunsu ba sa murna da shi. In gidan haya kake, nemi yardar mai gidan kafin ka huda masa bango.

Daga nan zai sa ka buɗe, ya gwada lambar da ke jikin kowace bindiga da wadda ke cikin lasisi. Ka fito da ita a karye, wato a buɗe daga tsakiya, ba harsashi, bakinta yana kallon inda ba kowa. Yadda ka riƙe ta a wannan ɗan lokacin yana cikin abin da ake aunawa, ko da bai ce komai ba. Harsashin bindiga irin taka sharaɗin bai tilasta kulle shi ba, amma ka ajiye shi daban, a inda yara ba sa kai wa. Mai raifil kuwa dole harsashinsa ya kasance a kulle, an fi so a wani akwati dabam, kuma ana shawartarsa ya zare ƙarfen da ke tura harsashi ya ajiye shi a wani wurin. Zai dubi ƙofofin waje da tagogin ƙasa. Mai bindiga ɗaya ko biyu a unguwa mai lafiya ba a cika neman ya sa ƙararrawa ba. Idan bindigogi sun yi yawa, ko unguwar tana fama da sata, ko gidan yakan daɗe ba kowa, sai a ɗaga matakin tsaron da ake nema.

Sauran ziyarar hira ce, kuma a ganina ita ce rabin aikin. Su wa ke kwana a gidan? Akwai wanda ke fama da shaye-shaye ko matsananciyar damuwa? Akwai wanda aka taɓa ɗaurewa? Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ga irinmu da ba ma rasa ɗan'uwa ko ɗan gari da ya sauka na 'yan watanni: wanda aka yanke wa ɗaurin wata 3 zuwa ƙasa da shekara 3, doka ta hana shi taɓa bindiga na shekara 5, wanda ya kai shekara 3 ko fiye kuwa har abada. Kada ka yi mamaki idan ya nemi yin magana da uwargida ita kaɗai. Jagorar yanzu tana matsa musu su ji daga bakin matan aure da sauran mutanen gida, saboda an sha samun rigimar cikin gida a bayan kisan da aka yi da bindiga mai lasisi. Kowa ake yi wa, ba don kai baƙo ba ne ko Musulmi. Ka sanar da ita tun da wuri don kada abin ya zo mata a ba-zata.

Makulli

Kada ka ba ta. Kada ma ta san inda yake. Na san yadda wannan ke sauka a kunnen Bahaushe, domin a gidajenmu riƙon makulli girma ne da amana, kuma ɓoye wa uwargida wurin ajiya yana kama da zargi. Amma a idon wannan dokar, duk wanda sunansa ba ya kan lasisin da ya ƙunshi bindigar nan, mutum ne marar izini, ko matarka ce, ko mahaifinka, ko ɗanka da ya girma. Ba a tambayar ko mai gaskiya ce. Ana tambayar ko tana iya kai wa ga bindigar.

Akwai shari'ar da duk mai lasisi a ƙasar nan ya kamata ya sani, wadda ake kira shari'ar Farrer. Wani lauya ne a yankin Essex ya gaya wa mahaifiyarsa, tsohuwa da ta haura shekara 80, inda yake ajiye makullin kabad ɗinsa. Ba ta taɓa bindigar ba, ba wanda ya ce tana da niyyar taɓawa. 'Yan sanda suka ƙi sabunta masa lasisi, magana ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara a shekarar 2000, kotu ta goyi bayan 'yan sanda. Tun daga nan ba a jayayya a kan wannan batu. Shi ya sa za ka ji jami'i ya juya cikin raha ya tambayi matar gida ko za ta ɗauko masa makullin. Amsar da ake so ita ce ba ta san inda yake ba, kuma ya zama gaskiya ta faɗa. Kada ka koya mata abin da za ta ce alhali ta sani. Sauya wurin kawai. Kai ma idan za ka ɗauko, bar shi a falo ka je kai kaɗai.

Ni abin da nake gaya wa mutane su faɗa wa iyalinsu shi ne, rashin sanin nan kariya ce gare ta. Wadda ke da hanyar buɗe kabad ana iya cewa ta mallaki bindiga ba lasisi, laifin da ya fi na mijin nauyi. Kuma a mafi yawan gidaje, hatsarin da kabad ke tarewa ba na ɓarawon dare ba ne kaɗai. Yaro ne mai son ya nuna wa abokansa, ko wani a gidan da baƙin ciki ya rufe shi na dare ɗaya. Yara sun fi mu sanin lungunan gidanmu. Makullin da ke cikin aljihun rigar da ke rataye kusa da kabad, ko a saman kabad ɗin, ko a haɗe da na mota a kan teburin falo, daidai yake da barin ƙofar a buɗe. Mafi sauƙi shi ne ƙaramin sef mai lambobi, a kafe shi a wani ɗakin, kai kaɗai ka san lambar, kuma kada ta zama ranar haihuwar wani a gidan. Makulli na biyu ma haka, a wani wurin daban.

Idan da gaske kuna son ta sami dama, hanya a buɗe take: ta nemi nata lasisin, a bincike ta yadda aka bincike ka, a rubuta bindigar a takardunku duka biyu. Akwai ma'aurata da yawa da ke yin haka. Idan kuma tunaninka shi ne yadda za a yi in ta Allah ta kasance, rubuta bayanin a takarda, ka rufe, ka ba lauyanka ko wani amintaccen mai lasisi. Magada su sanar da 'yan sanda, akwai izinin wucin gadi da ake ba su a ƙarƙashin sashe na 7 har a sayar da bindigar ko a miƙa ta ga wanda ya cancanta.

Batun ɗakin kwana yana da sauƙi fiye da yadda kuke zato. Tunda sabon gida ne, in akwai wani bangon bulo a ɓoyayyen wuri, kamar ƙarƙashin matakala ko ƙaramin ɗakin ajiya, mayar da kabad ɗin can kafin ranar, ka huta da maganar gaba ɗaya. In babu, sa lokacin da kake gida, uwargida ta kimtsa ɗakin ta koma wani, ka raka shi ka tsaya tare da shi. Kabad ya zo gani, ba shi da hurumin buɗe akwatunan tufafi. Kana iya roƙonsa ya cire takalmi ko ya sa leda a kai, kana kuma iya tambaya tun a waya ko akwai jami'a mace, ko da yake ba kowane sashe ke da wadda zai turo ba.

Tunda mu masu tafiya gida ne, ga wani abu da za ka tanada. Idan za ku Najeriya ko Nijar hutu mai tsawo, ko aikin Hajji, gida ya zauna ba kowa, kai bindigar wurin dillalin bindigogi mai rajista ya ajiye maka, kuɗin ba shi da yawa. Aron bindiga irin taka ga wani mai lasisi ba tare da rubutawa ba, sa'o'i 72 ne iyakarsa. Abin da ya wuce haka sai an shigar da ita a lasisinsa an sanar da 'yan sanda cikin kwana 7. In an sace ta ko ta ɓace, ranar da ka gane ranar za ka kira su.

Duk wannan shawarar mai riƙe da lasisi ce ga ɗan'uwansa, don shirya wa ziyara ta yau da kullum. Idan abu ya wuce nan, aka nemi ka miƙa bindigarka, ko wasiƙar soke lasisi ta iso, ka ba su haɗin kai, ka karɓi rasit na duk abin da aka ɗauka, sannan ka nemi lauyan da ya ƙware a dokar bindiga ko sashen shari'a na ƙungiyar maharban da kake biya wa kuɗin shekara. Kwana 21 kacal doka ta ba ka ka ɗaukaka ƙara zuwa kotu daga ranar da sanarwar ta same ka.